Ranar da Bolatito Ta Ɗauki Ƙwaryar Rafi

Temilola ta rubuta wa matasa littafi a kan garinmu, har an ba ta kyauta a Ibadan. Jikata ta karanta mini shi. A ciki akwai wata yarinya da ta ɗauki ƙwaryar rafi ko gezau, wai zuciyarta dutse. Na yi dariya har na ƙware. Yarinyar nan ai uwar Temilola ce, Bolatito, kuma ni na ɗaura mata zane a ranar. Dutse? Koko ma ya fi ta ƙarfi.

Bolatito 'yar ƙanena ce. Yau alala take sayarwa a tashar motar Shaki, damtsenta ya fi cinyata, direbobi na shakkar bakinta. Amma lokacin da dattawa suka zaɓe ta shekararta goma sha uku, siririya kamar tsinken tsire, ko kaza ta yi kuka sai ta zabura.

A garinmu ba mai sa sabuwar doya a baki sai an kai wa rafi ƙwaryarsa. Yarinyar da ba ta fara al'ada ba ita ke ɗauka, cikin farin zane, daga gidan Baba Fagbemi mai kula da rafin har bakin ruwa. Ba magana, ba waiwaye. Wadda ta ɗauka da jini a jikinta, rafi zai ɗaure mata ciki, ba ita ba goyo. Haka muka taso muka ji, ba mu kuma san wadda ta taɓa gwadawa ba.

Da hantsi na shiga ɗakin da ake shirya ta, na tarar da ita tsugune a lungu.

"Tashi, 'yar nan, ba yanka ki za a yi ba."

Ba ta tashi ba. An riga an shafa mata farar ƙasa a leɓe, baki ya rufu ke nan. Sai ta kamo hannuna ta nuna mini tsohon zanenta. Na gani. Jini ne.

"Yau? Duk ranakun duniya ba ki ga ta zama mace ba sai yau?"

Hawaye kawai. A waje makaɗa sun fara. In na faɗa, za a ɗaga biki, gari ya ƙara wata guda yana kallon doyarsa a gona, kuma ba mai yarda cewa da safen nan abin ya zo. Za a ce uwarta ta sani ta ɓoye. An taɓa yi wa wani gida haka, har yau ba a neman aure a cikinsa. In na yi shiru kuma, cikin yarinya na bayar.

Na ce, "Bolatito, in fita in gaya wa Baba Fagbemi?"

Ta girgiza kai. Ta miƙe, ta ɗaga hannuwa sama a ɗaura mata zane. Ita ta zaɓa, ni dai na taya ta. Na yi mata ƙunzugu da ɗankwalina, na jefa jan goro a baki don kada a ji haƙorana suna haɗuwa.

Muka fito, ƙwarya a kanta, ni a bayanta kamar jela. Mutane dama da hagu suna yi mata addu'a, ni kuwa idona na kan zanen. Mun wuce masallaci lafiya. Mun wuce coci lafiya. Daidai rumfar masu manja sai ga ɗigon jini ya fito a bayan zanen, kamar ƙwayar wake, yana faɗi ina kallo.

Iya Ashake na gefena, matar da ke hango kwarkwata a kan mai wucewa a mota. Ta ce, "Ke, mene ne wancan a bayan yarinyar?"

Ban yi shawara da kowa ba. Na tattaro duk goron da ke bakina, na yi atishawar ƙarya, na feshe bayan zanen jajur.

Kiɗa ya tsaya. Iya Ashake ta dafa ƙirji. "Kin kashe mu! Farin zanen rafi kika mayar abin tofa yawu?"

"Mura ce, uwar sa ido. Ke hancinki izini yake nema?"

Baba Fagbemi ya zo ya daɗe yana duban zanen, ya dube ni. Bolatito na tsaye ƙyam, ba halin waiwaye, ba ta san me ya jiƙa mata baya ba, ƙwaryar dai na rawa a kanta. Can Baba ya ce yawun goro ƙazanta ce, amma ba ya karya doka, a ci gaba. Ta isa bakin ruwa, ta durƙusa, ta saki ƙwarya, ruwa ya tafi da ita. Gari ya ci doya. Ni aka sa na yini a durƙushe a ƙofar gidan Baba, aka kuma raba ni da ɗaura zane har abada.

Tsoron gaske daga baya ya zo. Ta auri Lasisi bakanike tana da ashirin. Shekara ɗaya shiru, biyu shiru, huɗu shiru. Duk wata in al'ada ta zo mata sai ta shigo ɗakina ta zauna bakin gado. Ta rame har zobe na zame mata. Ta daina bin hanyar rafi, ruwan rijiya kawai take sha. A shekara ta biyar ta zo ta ɗora hannuna a kan cikinta, muka yi ta kuka kamar an yi mutuwa. Temilola ce. Bayanta maza uku suka biyo.

Kwanan baya na ce mata, "To, uwar 'ya'ya huɗu, rafi ya manta da ke. Je ki wanke ƙafa mana."

Ta ɗago daga tukunya. "Iya, ke kin je?"

Ban je ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina zagayawa ta gada.