Ƙofar da Aka Rufe wa Mujitaba

Mujitaba ɗan yayana ne, marigayi Abdussalami na Badafi. Tun da mai gidana ya rasu na dawo gidanmu, ɗakina na kallon nasa, don haka abin da zan faɗa a idona aka yi shi.

Tun yana ƙarami ba ya barin rediyo ta zauna lafiya, sai ya kwance ta ya ga cikinta. Da ubansa ya rasu, maƙwabcinmu Malam Ubale ne ya kai shi Kano wajen wani mai gyaran kwamfuta, ya tsaya masa har ya iya. Da ya dawo ya buɗe shago a Kiru, Malam Ubale ya ba shi 'yarsa Sumayya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, da 'yar ƙofa a jikinta wadda mata ke bi su ɗebo wuta ko gishiri. Duk Badafi in aka ce wanda ya ba Mujitaba hanya, mutum ɗaya ake nufi.

Manoman albasa na unguwarmu suka yi ƙungiya, suka sa shi magatakarda. Sai ya ajiye wata tsohuwar kwamfuta a kusurwar ɗakinsa, ya haɗa ta da batirin sola, ya ce ita ce gidan wayar ƙungiya. Ta cikinta za a riƙa aika wa masu sayen albasa saƙon imel, ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. Haka ya faɗa wa dattawa bayan sallar Juma'a, har da dukan ƙirji. Sumayya ta ɗinka wa kwamfutar mayafi saboda kaji.

Kwamfuta ta yi ta ƙugi, saƙo ko ɗaya ya ƙi fita. Dattawa na tambaya, yana cewa an kusa. Na lura tuwonsa ya fara dawowa rabi.

Wata rana da la'asar ni da uwarsa Asabe muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ya fito da waya a hannu, ya ce, "Ashe rufe mini ƙofa aka yi."

Asabe ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai, wa ya rufe maka ƙofa?"

"Wanda ya ba ni hanyar mana, Inna. Shi ya bayar, shi ya toshe."

Mai achaɓa ya yi masa hon a waje, ya fice zuwa Kiru, aiki ya riƙe shi a shago har ya kwana a can. Asabe ta saki gyaɗar hannunta. A wajenmu in aka ce an rufe wa mutum ƙofa, asiri ake nufi. Na ce ta jira ya dawo. Ba ta jira ba. Ta faɗa wa ƙanwarta Habiba a wajen injin niƙa, kafin gari ya fito maganar ta riga ta kai bakin kasuwa: Malam Ubale ya ɗaure surukinsa don ya ga zai fi 'ya'yansa.

A gidan suna Sumayya ta ji. Wata ta ce mata, "Ki gaida mana Baba mai makulli." Ta dawo, ta goya 'yarta, ta bi ta 'yar ƙofar nan ta koma gidan ubanta.

Da Mujitaba ya dawo na gaya masa, sai ya zauna a ƙasa daɓas. Ya ce, "Gwaggo, kamfanin da ya ba ni layin intanet nake nufi! Layi yana da ƙofofi masu lamba, imel ta lamba ashirin da biyar yake fita. Sun rufe ta ga duk mai layin gida, saboda masu aika saƙon damfara. Ba ni kaɗai ba ne, kowa aka rufe wa." Asabe ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki.

Ni na raka shi biko da safe. Yaron da ko a hanya ya hango surukinsa sai ya sake lungu, yau ga shi zai yi masa bayani baki da baki. Tun daga nesa ya cire takalmi. Muka tarar da Malam Ubale a zaure tare da abokinsa Balarabe, mutumin da ko a wajen gaisuwar mutuwa sai ya sa an dara. Mujitaba ya tsuguna, kansa a ƙasa, yana zana ƙofofi a turɓaya da ɗan yatsa.

Balarabe ya ce, "Wato Ubale ƙofa har ashirin da biyar gare ka, kai da zaurenka ko ƙyaure babu?"

Ba wanda ya yi dariya. Malam Ubale ya ce, "Ni abu ɗaya nake son ji. Kai ka yarda na yi maka?"

"Wallahi Baba, ban ma ji ba sai da na dawo."

"Amma uwarka ta yarda."

Ni da ba ni na yi maganar ba, sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can Malam Ubale ya sake cewa, "Saƙon naku ba shi da wata mafita?"

"Akwai, Baba. Sai in miƙa wa wani babban gidan waya ya fitar mini ta ƙofarsa. Na san da haka. Kunyar abin da na faɗa gaban dattawa ce ta hana ni."

"To, inda ka faɗi ta farko, can za ka faɗi wannan. Ka haɗa da tawa."

Ranar Juma'a Mujitaba ya miƙe a gaban mutane ya janye dukan ƙirjinsa, ya kuma wanke surukinsa. Ina sahun mata ina jiyo shi, maganar na fita da ƙyar. A makon nan saƙon ƙungiya ya fara tafiya, ta hannun wasu. Sumayya ta dawo ɗakinta.

Asabe ta je ta durƙusa ta nemi gafara, Malam Ubale ya ce ya yafe duniya da lahira. Amma kafin damina ya sa aka liƙe 'yar ƙofar katangar da tubali. Yanzu in Sumayya za ta gaida uwarta sai ta ɗauki hijabi ta zagaya ta titi.

Mujitaba na nan da shagonsa, kwamfutar na nan da mayafinta. Ina jin sa yana yi wa abokan aikinsa bayani a waya. Lamba kaza yake cewa, lamba kaza. Kalmar ƙofa kam ban sake jin ta a bakinsa ba.