Noelene, Wadda Ta Ƙi Yin Tari

Duk ranar gasar giya a bikin manoman garinmu nan tsibirin Tasmaniya, Noelene Pybus ce ke fara buɗe rumfa. Takan ɗauraye kofuna da ruwan zafi zalla, don sabulu yana kashe kumfa. Takan bi alƙalai tana shinshinawa, wanda duk ya fesa turare, waje! Sannan ta shige bayan labule, inda ita ce ta san mai kowace kwalba. Alƙalai lamba kawai suke gani.

Bana za ta ajiye aikin, bana kuma ƙanenta Des ya shigo gasar da giyar alkama. Ya cika ta da furen hof, mai ba giya ɗaci da ƙamshi, daga tsohuwar gonar mahaifinsu. Ya rantse in bai ci ba, zai tuge shukar ya zuba tumaki a wurin.

"Yaya, ko ɗan tari ki yi in kin ajiye wa alƙalai tawa, don su gane," in ji shi.

"Tarin ya kama ka kai. Matsa min!"

Masu taya ta sun shaida ta mirgina kwalbar Des don abin da ya kwanta a ƙasa ya gauraya. Haka take yi wa giyar alkamar kowa, ba ta ƙara wa tasa komai ba. Ta tsiyaya, ta fito.

Warrick, babban alƙali, ya cusa hanci a kofi, ya kurɓa, ya haɗiye, ya buga tebur.

"Kai! Ga ɓawon lemo, ga mangwaro, ɗacin kuma sai a ƙarshe yake sallama! Noelene, wane shegen ne ya yi wannan?"

"Lamba tara," ta ce. Ko gira ba ta ɗaga ba.

Sai da aka kira lamba tara, giyar Des, a matsayin ta ɗaya muka ji ihunta daga bayan labule, farantin kofuna ya tarwatse a ƙasa. Tunda muke da ita, ba mu taɓa jin ta fasa kofi ba sai ranar. Mu ma muka ɗauki ihu!

Ke ce mai riƙon amana, Noelene. Gonar mahaifinki na rataye a tari ɗaya, kika haɗiye shi. Shi ya sa ba wanda ya isa ya ce Des da hanya ya ci. Mun gode, wallahi mun gode. Duk wanda zai gaji labulen nan, ya koyi riƙe fuska irin naki.

Des kuwa ya fasa sayen tumaki.