Kundin Kan Sarki da Jar Akuya

Atika ta Ƙofar Atiku, mai ɗinkin hula, ba ta da tsawo, amma kanta ya fi dutsen Kalambaina tauri. Mahaifinta, Malam Giɗaɗo, masinja ne a gidan waya har ƙafafunsa sunka gaza. Wasu na tara shanu, shi kan sarki yat tara. Duk ambulan da anka yar sai ya tsince ya kawo gida, Atika ta riƙe mishi kwanon ruwan ɗumi ya jiƙa, ya ɓare kan sarkin a hankali kamar mai ɓare ƙwai, ya liƙa cikin wani ƙaton kundi. Ga na Makka, ga na Gana, ga na ƙasashen da ko mai rediyo sai ya yi tuntuɓe da sunansu.

Da Allah ya yi mishi rasuwa anka zauna rabon gado gaban wani malami, ita da ƙanenta Junaidu. Gida dai an san yadda za a yi da shi. Kayan ɗaki anka raba, jar akuya mai ciki taf faɗo rabon Atika. Saura kundi.

Junaidu, wanda bai taɓa buɗe shi ba sai ranar, yaj jawo reza.

"Allah gafarta malam, a yanke shafi-shafi. Biyu nawa, ɗaya nata. An ce Turawa na neman irin wanga."

Malam mai rabo yac ce haka shari'a take, sai fa in magada sun yi sulhu.

Atika tad ɗora tafin hannu bisa kundin. "Kai, Junaidu, naman layya ne? Abin da Baba yag gama da hannunsa ba a yanka shi ina da rai. Ɗauki akuyar, bar min takarduna."

"Yaya, kin ji kanki? Akuya fa na haihuwa."

"To je ka yi mata unguwarzoma."

Malam yat tambaye ta har sau biyu ko da yardarta. Tac ce ko a kira liman. Anka shafa fatiha, Junaidu yaj ja akuya yana murmushi kamar wanda yac ci kasuwa.

Matan unguwa kuwa sun samu abin taunawa: wai Atika ta ba da nono ta karɓi takarda. Tas sa kundin cikin akwatin ƙarfe da ganyen dogonyaro saboda gara. Duk hantsi sai ta buɗe shafi guda bisa cinya, ta duba zanen gefen kan sarki, fure ko kubbar masallaci, ta sauke shi kan hula da allura. Hoton mutum da na tsuntsu ba ta taɓa su, ta ce wa zai yi salla da kan wani bisa kansa.

Bayan damina sai ga Junaidu da wani mai tabarau, wai daga Kaduna, shafi ɗaya tak na kundin yake so ya saya, mai kan sarauniya.

Atika ta leƙo ta bayan labule. "Sannunku da rana. Ina akuya?"

"Ta haifi biyu, Yaya."

"Madalla. Da tana da ciki na ce ka yanko min ƙafa guda?"

Baƙo ya roƙi a bar shi ko gani ya yi. Tas sa anka shimfiɗa mishi tabarma a zaure, tac ce ya wanke hannu tukuna. Ita da kanta tab buɗe mishi, shafi bayan shafi, har bango. Sannan tar rufe, tas saɓa abinta a ƙugu tak koma ciki.