Tsohon da Ya Zana Ƙauyensu

Ni fa ban so zuwa ba. Ranar Asabar ina barcina Umma ta tashe ni, wai shekara guda da rasuwar tsohon nan maƙwabcinmu a unguwar Erdington ta Birmingham, 'yarsa za ta mai da saman shagonsu na abinci gidan tarihi, in je in ɗauki kaya.

Ina shiga warin fenti da man suya ya buge ni, sai na ji kamar tsohon zai yi tari a bayana. Ɗan ƙabilar Hakka ne daga Hong Kong. Kullum ƙauyensu yake zanawa don kada jikokinsa su manta: katanga, gonar shinkafa, mata da malafa mai baƙin ƙyalle zagaye.

Wata rana yana da rai na tsokane shi, na ce, "Baba, wa zai kalli malafa mai labule a Birmingham? Jikokinka ma waya suke dannawa."

Allah ya raya abin da ya bari, ya sa jikokin su hau benen nan. Ni dai ban manta yadda ya miƙo mini burushi ba, ya ce, "To, sarkin baki, zana mini gidan kakanka na Kano in gani."