Mai Zana Tsatsa

Wata mata tana jiran a gyara mata waya, idonta na kan dattijon rumfar da ke fuskantar ta mai gyaran. Siriri ne, furfura ta cinye gemunsa, tabarau na reto a kan hancinsa. A gabansa akwai mutum-mutumin roba, irin wanda ake naɗewa ya koma mota, ya sha jan fenti yana ƙyalli.

Dattijon ya lanƙwashe hannuwan da ƙafafun, abin ya zama babbar mota. Ya ɗiga wa motar ruwa a ka, yana bin ɗigon da ido har ya maƙale ƙarƙashin ƙofa. Nan ya goge, ya sa launin tsatsa da siririn buroshi.

Mai kayan, wani ma'aikacin ofis, ya kasa haƙuri. "Haba Baba, zuba masa tsatsar ko'ina mana, ya fito kamar ya sha yaƙi!"

"Ɗana, tsatsa ba mahaukaciya ba ce," in ji dattijon, bai ko ɗago ba. "Inda ruwa ya kwanta take ci. In ta ko'ina kake so, ga abinka, kai wa wani."

Ma'aikacin ya bar shi da aikinsa.

Ita kuwa mai jiran waya, yatsun dattijon take kallo, duk tabon walda. Ƙila shekara talatin ya yi a gareji yana kankare tsatsa a jikin motocin mutane, har ya san duk maɓoyarta. Yau ga shi yana mayar da ita da hannunsa, yana murmushi kamar ya ga tsohuwar abokiyar faɗa.