Amanar da Ka Bar wa Mai Shayi, Mordecai

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Malam Mordecai Bawa, malamin firamare, mazaunin Muchiya a Sabon Garin Zariya, bayan ya yi kwana uku a gadon asibiti bai buɗe ido ba. Shekararsa hamsin da huɗu. Ya bar matarsa Clara da 'ya'ya biyu, Albert da Lovelyn. Ni Ayobami, abokin gudunsa na shekara tara, ina Kaduna wurin biki ranar da ya faɗi, kuma har yau ban yafe wa kaina wannan tafiya ba.

Mordecai, bari in yi magana da kai yadda muka saba, tunda yau ba ka da bakin katse ni.

Kai ka fitar da ni daga shago ka sa ni gudu. Ka same ni da teɓa da hawan jini, ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Bayerabe, wannan cikin naka ba arziki ba ne." Na ji haushi, amma Asabar ɗin da ta biyo baya sai ga ka a ƙofar gidana a Unguwar Gabas. Ranar ko Kwangila ban kai ba na zauna a bakin kwata ina haki. Ka tsaya a kaina, ka yi dariya har ta ishe ka, sannan ka raka ni gida a ƙafa. Wata shida kana rage gudunka saboda ni, kafin na iya kaiwa Samaru ba tsayawa, kuma ba ka taɓa yi mini gori ba.

Ba ni kaɗai ka ɗauka ba. Duk wanda aka ce an gano masa ciwon sukari a Muchiya, kai ne farkon mai sallama a gidansa. Surukata ta rantse gara ta mutu da ta soka wa kanta allura. Ka zauna a kan tabarmarta, ka ɗaga rigarka, ka yi taka allurar insulin a gabanta kana ba ta labarin kasuwa. Yau shekararta shida tana yi da hannunta.

A hanya ka koya mini ɗayar fuskar ciwon, wadda mutane ba su sani ba. Kowa ya san sukari yana hawa. Kaɗan ne suka san yana sauka, musamman ga mai allura idan ya daɗe yana gudu, kuma saukarsa ta fi gaggawar kisa. Ka nuna mini alamun: gumi mai sanyi, karkarwar hannu, gani dishi-dishi, harshe ya yi nauyi, mutum ya kama faɗa ba dalili. Kana auna jini kafin mu fita, ka ci ayaba, ka ɗaura ƙwayar sukari huɗu a leda cikin aljihu. Sau uku abin ya kama ka a gabana. Na zaunar da kai, na ba ka sukarin, muka jira minti goma sha biyar, ka dawo hayyacinka kana tambayata dalilin da ya sa na ɓata rai.

Amma a ɓoye kake sha. Kana juya wa titi baya kamar mai satar nama a tukunya, don ka gaji da wa'azin mutane a kan mai ciwon sukari da ke tsotsar sukari. Ka ce in bar zancen tsakaninmu. Na bar shi, kuma a nan na yi wauta.

Gudunmu a teburin Malam Zubairu mai shayi yake ƙarewa, a Samaru, kusa da inda ake hawa babur zuwa Bomo. Tun shekarar da aka gano ciwonka, kafin ka fara allura, ka ce masa, "Malam, na ba ka amana. Ko na roƙe ka da kuka, kada ka sa mini sukari." Ya riƙe maganar fiye da yadda ka yi zato. Ya ware maka kofi da cokali na daban, yana alfahari a gaban masu shan shayi cewa shi ne likitan Malam Mordecai. Shekara tara ina zaune a bencin nan ina jin wannan alfahari, ban taɓa buɗe baki na ce masa akwai ranar da amanar za ta juye ba.

Asabar, 11 ga wata, ka fita kai kaɗai. An sami ledar a aljihunka babu komai ciki, wato abin ya fara kama ka tun a hanya, ka shanye guzurinka, kuma taurin kanka ya hana ka tsayar da Keke Napep. Ka isa teburin kana tangaɗi, jikinka sharkaf. Waɗanda suke wurin sun ce ka miƙa hannu wajen gwangwanin sukari, harshenka yana harɗewa. Malam Zubairu ya janye gwangwanin ya ce, "Haba Malam, ai kai ka hana ni. Zauna, ga naka nan." Ya zuba maka shayinka yadda ka saba. Wani ɗalibi ya kawo lemo, mutane suka tare shi, suka ce mai ciwon sukari ne, kada ya kashe shi. Da ka sume, aka yayyafa maka ruwa, aka yi ta fifita, aka kanga maka albasa a hanci. Duk wanda ke wurin ƙaunarka yake yi. An fi awa guda ana jiran ka farfaɗo kafin a ɗauke ka zuwa asibiti.

Ina fushi da kai, Mordecai, ba zan ɓoye ba. Ka koya wa rabin Muchiya yin allura, ka kasa gaya wa mutum ɗaya abin da zai cece ka, don kunya.

Tun ranar Malam Zubairu bai hura wuta ba. Ya zo jana'izarka ya tsaya daga wajen coci har aka tashi, bai iya haɗa ido da Clara ba. Waɗanda suka taya shi hana ka lemo, su ne yanzu suke nuna shi da baki. Shekaranjiya na je gidansa. Bai bar ni na gama gaisuwa ba ya ce, "Oga Ayo, don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Da na sa cokali biyu, da ya tashi?" Na ce masa kwana ne ya ƙare. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba.

Ga sauran, kuma zan koma in karanta masa da bakina. Likita ya ce da an ba ka sukarin, mai yiwuwa da ka tashi. Sai dai Malam Zubairu abin da aka ba shi ya riƙe. Mutum biyu ne suka san amanar tana da iyaka: ɗaya yana kabari, ɗayan shi ne mai wannan rubutu. Wanda yake neman mai laifi ya zo Unguwar Gabas, ya bar Samaru ta huta.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, Mordecai, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka madawwamin hutu. Clara, Allah ya ta'azantar da ke, ya tsaya miki. Albert da Lovelyn, Allah ya zama uba a gare ku. Ina miƙa ta'aziyya ga dangi, da malaman makarantarsa, da jama'ar cocinsa. A cikin masu karɓar gaisuwa ina sa Malam Zubairu, domin shi ma mutuwa aka yi masa. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba shi ƙarfin komawa teburinsa. Ni kuma, Allah ya yafe mini shirun da na yi. Amin.

Ayobami Adeyanju,
Unguwar Gabas, Sabon Gari, Zariya.