Yadda Kwamfutar Aziza Ta Kori Husaini

Aziza 'yar Malam Labaran a Unguwar Rimi ta tashi, a gidan da ba a gama cin tuwo ba tare da an yi zancen fayil ɗin da ya ɓata a ma'aikata ba. Ƙila shi ya sa ta girma da tsanar abu biyu: a ɓatar da bayani, ko a rubuta shi sau biyu. Da ta gama karatun kwamfuta, wani ƙaramin asibitin haihuwa a Badarawa ya ɗauke ta ta gina musu manhajar rajistar jarirai, mai tura wa iyaye saƙo idan lokacin rigakafi ya yi.

Da yaren kwamfuta na PHP ta rubuta shafin da ma'aikatan jinya ke cikewa. Amma abin taƙamarta shi ne wasu umarni da ta ajiye can cikin rumbun bayanan, kamar mai gadi a bakin ƙofa. Shafin zai kira su, su duba, sannan su bar jariri ya shiga. Ta san halin Sista Asabe, shugabar ma'aikatan jinya, wadda in intanet ta yi nauyi sai ta yi ta dukan maɓalli har jariri ɗaya ya fito sau uku. Ta kuma san jaririnmu ba ya zuwa da suna, sai an yanka rago. Sai ta gindaya wa mai gadin doka: in lambar wayar uwa ɗaya ce, ranar haihuwa ɗaya, to yaro ɗaya ne, a watsar da na biyu. Aziza ta ji kanta da wannan dabara ƙwarai, har mijinta Suhaib ya haddace bayanin ba da son ransa ba.

Rannan da hantsi sai ga Harira, matar wani direba ɗan Zamfara da ke Hayin Banki, ɗa a baya, ɗa a kafaɗa, rai a ɓace.

"Sista, saƙon yaro guda yaz zo mani," in ji Harira. "Mi Husaini yay yi muku?"

Asabe ta duba kwamfuta. Yaro ɗaya ne a ciki, allurar yaro ɗaya aka ware. Ta leƙa ofishin Aziza ta ce, "Injiniya, taso ki ga ɗan da mai gadinki ya kora."

Aziza ta tsaya tana kallon tagwayen, kunya ta rufe ta. Duk lissafinta, ta manta cewa mace na haihuwar biyu rana ɗaya! Ta tuna cewa da a ce Harira ba mai magana ba ce, da shi ke nan, Husaini ya rasa allurarsa. Ta karɓi Husaini ta ɗora a cinya, da hannu ɗaya ta gyara umarnin: daga yau a tambayi wanda ya fara fitowa da wanda ya biyo. Husaini ya shiga rajista, ya sha allurarsa, ya tsandara ihun da ya sa har Harira ta yi dariya. Aziza ba ta tafi gida ba sai da ta bi tsofaffin rajista ta tabbatar babu wani Husainin da aka bari a waje.

Bayan 'yan shekaru sai ga Aziza kwance a ɗakin haihuwar nan, Suhaib a bakin ƙofa baki har kunne, don 'yan mata biyu Allah Ya ba su. Asabe ta jawo kwamfuta kusa da gadon da gangan.

"Hasana ta shiga," in ji ta.

Ta cike na biyu. Intanet ta yi nauyi, yatsan Asabe ya fara rawa a kan maɓalli.

"Sista, don Allah sau ɗaya!" in ji Aziza daga kwance.

Asabe ta janye hannu da ƙyar. Can sai ta juyo da kwamfutar Aziza ta gani da idonta. Layi biyu ne, uwa ɗaya, rana ɗaya. Aziza ta rungume Husaina, tana dariya hawaye na zuba.